Addu'ar Sahe da Ta Kusa Watse Mini Gida

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya tashe mu lahiya yau, har da mutanen bencin baya waɗanda na san za su fara gyangyaɗi kahin in kai rabi.

Sunana Ishaya, amma Baba Masinja kunka hi sani. Fasto ya ce in ba da shaida, sa'annan ya ƙara da cewa in rubuto ta a takarda in karanta, kada in ƙara ko kalma guda da ka. Na ce mishi, Fasto, aji huɗu na tsaya, rubutuna awa kaza ta taka tawada. Ya ce ya hi son kazar bisa ga a bar ni da baki sake, don ranar da anka ba ni addu'ar ruhe taro sai da shinkafar zumuntar mata ta yi sanyi. To, ga takardar. In kun ji na yi tuntuɓe, kada ku zargi Shaiɗan, hannuna ne.

Wasu sun tsaya a nan sun ce Ubangiji ya raba su da giya, wasu da ciwo, wasu da caca. Ni abin da ya raba ni da shi, kunyar faɗi nike ji. Addu'a ce. Ku daina kallon Fasto. Addu'a irin tawa nike nuhi, ta sahe, wadda ta kusa kwashe mini ɗa da jikoki daga gida.

Ga yadda gidan shike. Ni da tsohuwata Saratu, da ɗanmu Yohanna mai gyaran injin ban-ruwa a bakin kasuwar Goronyo, da matarsa, da ɗiyansu ukku. Matar tasa aikin jinya take yi a wata ƙaramar asibiti kan hanyar Wurno, kuma in ba ta kai tasha ƙarhe bakwai ba, motar farko ta tahi ta bar ta. Ba ni rubuta sunanta. Surukata ce, alƙalamina ma kunya shike ji. Maman Talatu muke ce mata.

Kun san al'adarmu. Suruki ba shi zamnawa ya yi hira da matar ɗansa. Ta durƙusa ta gaishe ni kanta a ƙasa, in amsa ina kallon garu, magana ta ƙare sai gobe. Shekara tara tana gidana ban taɓa jera mata kalma goma ba.

Amma fa ina da magana a ciki. Tsoho mai ritaya, ba ofis, sai 'yar gonar albasa guda da idanu biyu lahiya lau. Komi ina gani. Na ga tsintsiyar da anka yar a tsakar gida, na ga tukunyar da ta kwana ba wanki. To, in faɗa wa wa? Ita ba dama. Yohanna in na fara sai ya tuna da wani inji da ke jiransa. Sai dabara ta zo mini, ni kuwa na ɗauka daga sama ta sauko.

Kowace sahiya, da ladanin unguwarmu ya kira assalatu, sai in ɗauki muciya in buga tsohon kwanon tasa. Kowa ya hito bisa tabarma, har jinjiri. In buɗe Littafi in karanta sura guda cif, da yatsa, ni da karatu kuwa awa jaki da tudu. Sa'annan in ce a ruhe ido.

Bari in ɗanɗana muku, don ku san abin da bayin Allah sunka haɗiya.

"Ya Ubangiji, kai mai gani ne. Ka ga tulun da anka bari buɗe jiya har kaza ta sha. Ka ga gishirin da ya yi yawa a miya. Ba mu ambaci suna ba, ya Uba, kai ka san mai shi. Ka ba matan zamani hannun da ya san tsintsiya. Ka tuna musu cewa farin kaya da albashi ba su girka tuwo."

In na kai nan sai in dakata a ce Amin. In Amin ɗin ta hito ba ƙarhi, in maimaita wurin daga farko, don kada a ce Ubangiji bai ji ba.

Muna tashi daga tabarma rana ta riga ta hau garu. Daga nan sai yaƙi. Makewayi guda, mutum bakwai. Ruwa ba a ɗebo ba, wuta ba a hura ba. Talatu na neman takalminta ƙafa guda, ƙanenta Bulus na kuka don an sa mishi riga a baibai, Yohanna na dukan mashin shina ƙin tashi. Maman Talatu ta hita da gudu, ɗankwali a hannu, jinjiri a baya, ciki ba komi. Ni kuwa ina kujera da rediyona ina girgiza kai, ina cewa gidan ga ba tsari. Washegari rashin tsarin ma ya shiga cikin addu'a.

Ubangiji ya aiko mini gargaɗi, ban gane ba. Maƙwabcina Malam Umaru, garu guda ke tsakaninmu, abokin tsiyata ne tun muna da baƙin gashi. Wata ranar kasuwa muna wurin 'yan albasa, ya dube ni ya ce ko an samo wa tulun nan maruhi. Na ce wa ya gaya mishi zancen tuluna.

Ya ce, "Kai mana, da asuba. Ni na yi raka'ata biyu, na yi lazimi, na sha kunu, na kai jaki fadama na komo, kai kana bisa gishiri. Ishaya, laihin kowa na gidanka na sani. Naka kaɗai ban taɓa ji ba."

'Yan albasa sunka yi dariya, ni ma na yi. Na ce mishi hassada ce, don tashi addu'ar ba ta kai tawa tsawo ba. Na koma gida ina jin daɗi, ina cewa ashe wa'azina har ƙetare garu shike yi.

Sai lokacin cirar albasa ya gabato. Wata la'asar Yohanna ya same ni a zaure, ya zamna ƙasa, ya daɗe shina wasa da makullin mashin. Sa'annan ya ce ya samu ɗaki biyu a Wurno kusa da wurin aikin matarsa, ƙarshen wata za su tashi, shi da ita da yaran. Ya ce sau biyu ana ba ta takardar gargaɗi saboda makara, ta ukku sallama ce. Ya ce kuma ba wannan kaɗai ba. Matarsa ba ta iya addu'a yanzu. Ko a sujadar coci, in anka ce a ruhe ido, gabanta faɗuwa shike yi.

Na harzuƙa. Na ce, "Mi na yi mata? Na taɓa ce mata uffan?"

Ya ce, "Ba ka taɓa ba, Baba. Da ita ka gaya wa, da ta ba ka amsa ko ta ba ka haƙuri. Amma Allah kake gaya wa, ita kuma dole ta ce Amin."

'Yan'uwa, ɗan da na haifa ke nan.

Na shiga gida na gaya wa Saratu, ina jira ta tayar da kuka. Ta ci gaba da tuƙin tuwonta. Ta ce ta sani tun makon jiya, ita ma da da inda za ta da ta bi su. Na dubi Bulus shina jan wata mota ta gwangwani a ƙasa, yaron da ba shi barcin rana sai bisa ƙafafuna. Na ƙidaya, saura kwana ashirin. Bayan nan gidan sai tsohuwa da tsoho da kaji.

Kada ku zaci tuba na yi nan take. Hushi na yi. Washegari na ce yajin aiki nike, ban buga kwano ba, bari su ga yadda gida ke zama babu mai tsaya musu gaban Allah. Na saɓi fartanya tun gari bai gama wayewa ba na nuhi fadama. Niyyata in kai ƙarar Yohanna inda ba a ɗaukaka ƙara.

Na durƙusa tsakanin fangalin albasa, ƙasa da sanyinta, na ruhe ido. Na ce, "Ya Ubangiji, ka ga..." Sai na tsaya. Na gyara murya na sake. Nan ma na tsaya. Maganar ta ƙi hitowa, wadda ta hito kuma ba ta da ɗanɗano, awa tuwon da ba miya. Ni da ke cika sa'a guda ba shan ruwa!

Sai na kama kaina ina wani abu. Idona na hagu ya ɗan buɗe da kansa, shina leƙe. Ashe haka nike yi kullum bisa tabarma, ina duba ko kibiyar ta samu wadda na harba wa. A nan kuwa babu kowa sai kwaɗi da ganyen albasa. Da babu mai ji, ba ni da abin cewa. Ashe shekara da shekaru ba da Allah nike magana ba.

Shekara talatin na yi ina masinja. Aikin da na hi ƙi shi ne ranar da babba zai ba ni takardar faɗa in kai wa mutumin da ke tebur na gaba, taku huɗu tsakaninsu, don shi ba shi da zuciyar da zai dube shi ya faɗa. Nakan karɓa ina ce mishi matsoraci a cikina. To, ga ni nan. Na ɗauki Mai sama da ƙasa na mai da shi masinjana, daga tabarmata zuwa tabarmar surukata.

Na yi kuka, 'yan'uwa. Tsoho da hurhura, gwiwa cikin laka. Ranar na yi addu'ar da ta hi kowace gajarta a rayuwata. Na ce, "Yesu, ka gafarta mini. Ka kama bakin nan. Kada yaran nan su bar gida saboda ni." Iyakarta ke nan. Amma ita ce ta farko da na ji ta wuce saman kaina.

Na komo gida da hantsi ina tsammanin in tarar da kango. Na tarar da tsakar gida a share, Saratu zamne tana shan koko tana 'yar waƙa. Ta ce yau kowa ya yi wanka, yara sun tahi makaranta da takalmi ƙafa biyu, Maman Talatu har ƙosai ta ci a zamne. Harbin kunama bai kai wannan labari zahi ba.

Na zamna kusa da ita na gaya mata abin da ya same ni a fadama. Sa'annan na sassauta murya na ce ta taimake ni ta je ta ba yarinyar haƙuri a madadina, tun da ta san al'ada.

Ta ce, "Shekara tara kana aiken Allah. Yau ka sallame shi ka ɗauke ni? Ƙafafunka lahiya suke."

Kwana ukku ina kewaya wannan magana awa kare da bushiya. Rana ta ukku da la'asar na same ta bayan ɗaki tana wankin farin kayanta. Na tsaya na juya huska wajen dogon yaro, na yi tari. Ta zabura za ta durƙusa, na ce ta bari. Na so in gaya wa icen, amma na tuna abin da ya kai ni laka, sai na juyo na dube ta. Rabona da ganin huskarta sosai tun ranar ɗaurin aure. Ta rame.

Na ce, "Ɗiyata, na yi miki laihi. Na laɓe bayan Allah ina jifarki. Ki yahe mini."

Ruwa na ɗiga daga rigar da ke hannunta. Can ta ce a hankali, gishirin dai da gaske ya yi yawa ranar. Na ce mata tulun kuwa ni na bar shi buɗe, na sani tun a lokacin. Sai ta sa rigar ta ruhe baki, ban sani ba ko dariya ce ko kuka, ina jin duka biyu ne.

Ta ce ta yahe. Amma ba ta ce sun fasa tahiya ba. Ta ce, "Baba, yahiya ba ta tsai da mota. In na sake makara, aikin ya tahi."

Gaskiyarta. Sai na yi tambayar da ban taɓa yi wa kowa a gidan ba. Na ce, ban da ni, mi ke cinye mata sahiya? Ta lissafa mini: ruwa, wuta, layin makewayi, da neman kayan yara. Na ga duk cikinsu babu wanda ya hi ƙarhin tsoho marar aikin yi. Saura kwana goma sha shida.

Washegari da yamma na ari kura na jera jarkoki na tahi famfo. Malam Umaru na zamne ƙofar gida ya ga na turo ta ina haki. Ya ce ikon Allah, dattijon coci ya koma ɗan garuwa, nawa ne jarka? Na ce mishi ta hi ƙarhin aljihunsa. Ya tashi dai ya kama mini munka haye kwalbati, shina cewa asubar kwana biyu ya ji shiru, har ya zaci na rasu ba a gaya mishi ba.

Da ladan ya kira, maimakon kwano sai na nuhi murhu. Ranar farko hayaƙi ya kusa kashe ni, na ƙone yatsa, Saratu na leƙe ta taga kafaɗunta na rawa don dariya. Amma ruwan wanka ya yi zahi. Na kuma kafa doka, Maman Talatu ce farkon shiga makewayi, kahin mijinta, kahin ni mai gida. Ni na ƙarshe, tun da albasa ba ta ba kowa takardar gargaɗi. Takalman yara da jakunkunansu kuwa ƙofar ɗakina suke kwana tun magariba, ni ne mai gadinsu. Saratu ta ce ita ma ba a bar ta baya ba, gasarar koko tun yamma take tace ta.

Addu'a ba mu bar ta ba, wuri munka canza mata. Sai kowa ya shirya tsaf, an zuba koko a kofuna, sa'annan mu zamna. Aya guda, addu'a guda, kuma dole a ce Amin koko na tururi. Kowa da ranarsa, har Talatu. Ba a kai ƙarar kowa. In ka ambaci mutum, to godiya kake yi dominsa. Saratu ta naɗa kanta alƙali, tana riƙe da ludayi da ƙwarya.

Rana ta biyar tsohon hali ya motsa. Na ga an bar sabulu cikin ruwa ya narke, abin na cina. Na ruhe ido na ce, "Ka ga, ya Uba, wasu..." Sai na ji ƙwal bisa ƙwarya. Na ce, "wasu alherai masu yawa da ka yi mana, mun gode, Amin." Yohanna ya shaƙe da koko. Daga baya na samu Maman Talatu na ce mata da bakina, ɗiyata, sabulu. Ta ce to, Baba. Shi ke nan. Abin da da zai ci mana rabin sa'a da hawaye, kalma huɗu sunka gama shi.

Ba na ce kullum lami lahiya ba ne. Akwai ranar da jinjiri ya yi mata amai bisa farin kaya tana bakin ƙofa, sai da Yohanna ya bi motar da mashin har wajen gari. Amma ta kai. Cikin kwanakin nan duka ba ta makara ko sau guda ba.

Abu guda ya rage shina damuna. Duk ranar da layin addu'a ya zo kanta, sai ta ce a wuce ta. Kuma kwalaye na taruwa a ɗakinsu, ɗaure da igiya. Na yi wa Ubangiji alkawari ba ni tambaya, ba ni roƙo, ba ni sa Bulus ya roƙa mini. Wannan alkawari ya hi turin kura wuya.

Anka cire albasa, anka zuba a rudu, rumbun ajiyar albasa, wata ya ƙare. Ranar Asabar ce motar kaya za ta zo. Da ranar ta zo na hura wuta kamar kullum, na ce ko ba komi su tahi da wanka. Munka zamna da kofuna. Ranar layinta ce. Saratu ta buɗe baki za ta ce a wuce, sai Maman Talatu ta ce, "Mu yi addu'a."

Munka ruhe ido. Ta gode wa Allah don barci, don ruwa, don wuta. Ta ɗan tsaya. Ta ce, "Da Baba." Ta ce Amin.

Idona biyu a ruhe suke gam, ku shaida, na hagun ma bai motsa ba. Sai dai ruwa da ya riƙa bi ta ƙarƙashi.

Yohanna ya kurɓi koko, shina kallon cikin kohi, ya ce ya gaya wa mai motar ya je ya yi lodin albasarsa, su za su duba zuwa bayan damina. Na ce to. Ban ƙara komi ba, kuma duk wanda ya san ni ya san wannan ita ce mu'ujizar. Damina biyu ke nan sun wuce. Ga su can benci na ukku, Bulus na ɗaga mini hannu.

Don haka nike gode wa Yesu, wanda bai yi hushi da aiken da na riƙa yi mishi ba, ya jira ni har cikin fadama. Haleluya!

Ku tsofaffi 'yan'uwana, in gidanku na tafasa da sahe, kahin ku ce yaran zamani, ku duba ko ku ne icen da ke ƙarƙashin tukunyar. In kana da magana da mutum, ka taka ka same shi. In kana da magana da Allah, ka tabbata da shi ɗin kake yi. Ku kuma matasa da ke haɗiye Amin da hawaye, kada ku yanke ƙauna. Ku dogara gare shi. Wanda ya iya ruhe bakin Baba Masinja ba tare da ya ɗauki ransa ba, babu abin da zai gagare shi a gidanku.

Yabo ya tabbata ga sunan Yesu. Amin.